Ƙaramar a-kori-kura don zuwa aiki kullum a Gombe: yadda za ka gane ko ta dace da kai

Ƙaramar a-kori-kura, irin su Hilux, L200, Navara, Ranger da Tacoma, an ƙera ta ne da tunanin kaya. Giyarta, birkinta da sifirin ɗinta na baya duk an auna su a kan cewa akwai nauyi a bayanta. Shi kuwa ma'aikacin da ke tasowa daga Tunfure ko Pantami zuwa ofis, mafi yawan kwanakin wata shi kaɗai ne a ciki, ko shi da yara biyu da zai sauke a makaranta, bayan motar fayau sai ƙura da ledar da iska ta kwaso. Kai ka aiki dai za ta kai ka, ta kuma dawo da kai. Abin da za ka tantance kafin ka ƙirga kuɗi shi ne kwana nawa a wata bodin baya da tsayin motar suke yi maka aiki, da kuma nawa kake biya a sauran kwanakin da suke zaman banza.

A fara raba su, don iri uku ne ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai dangin Hilux, waɗanda bodinsu ke zaune a kan cesis na ƙarfe mai kama da tsani, tayoyin baya ne ke tura su. Su suka cika titunanmu, kuma a kansu yawancin bayanin nan zai tsaya. Akwai sabbin shigowa daga Amurka, Ford Maverick da Hyundai Santa Cruz, da suka fito a matsayin ƙirar 2022. Waɗannan tamkar ƙaramar mota ce aka buɗe wa baya, bodi da cesis a haɗe suke, tafiyarsu da laushi. Maverick mai haɗa fetur da batir ma ta fi Corolla tsimin mai a cikin gari, sai dai kafin ka saye ta ka tambayi kanka inda za ka samo kayan gyaranta da wanda zai taɓa maka ita a Gombe. Na uku ita ce kurkura, irin Daihatsu Hijet da Suzuki Carry masu ɗan ƙaramin inji, galibi 660cc. Ita kurkura a cire ta daga lissafin zuwa aiki da iyali. Kujera biyu gare ta, ba wani bonet na kirki a gabanka da zai tare maka karo, kuma da yawansu sitiyarin dama ne aka mayar hagu a gareji, aikin da ba kullum yake fita da kyau ba.

Mako huɗu da biro

Kafin ka je wurin dillali, samo ɗan littafi ka yi mako huɗu kana rubuta abu uku kullum: kilomita nawa ka yi, mutum nawa ka ɗauka, da duk kayan da ka so ɗauka amma but ɗin ƙaramar mota ba zai ci ba. In hanyarka ta haɗa da burji, yashi ko kwari, rubuta tsawonta, ka kuma rubuta ranakun da cikin motarka ya daki ƙasa ko ka yi zagaye saboda ruwa. Kada ka yi rubutun da kaka kaɗai, lokacin da ake kwaso masara da wake daga gona, don zai ruɗe ka ka zaci haka shekarar take. In ba ka da haƙurin jira, zauna ka tuno watanni goma sha biyun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya: taki sau nawa, siminti sau nawa, ragon layya, kayan shago.

Ma'aunin da muke bi mai sauƙi ne. In kaya na gaske bai kai sau huɗu a wata ba, hanyarka kuma kwalta ce tun daga ƙofar gida har ofis, ƙaramar mota da hayar kurkura ranar da buƙata ta taso sun fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa kana da gona wajen Kwami ko Deba da kake leƙawa sau biyu a mako bayan an tashi aiki, ko kana kula da gini, ko kana saro hatsi a Tudun Hatsi, ko unguwarku sabuwa ce da damina ke cinye wa hanya, to mota ɗaya mai aikin biyu ta fi riƙe motoci biyu, kowace da takardunta da tayoyinta da batirinta.

Lissafin mai

Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, mai ya zama babban kuɗin riƙe mota. Hilux mai ƙofa huɗu nauyinta na kusan tan biyu, Corolla kuwa wajen kilo 1,300. Duk tsayawa da tashi a shataletale ko bayan Keke Napep, wannan ƙarin nauyi sai inji ya ja shi daga tsaye, kuma nan ne man ke tafiya. A cikin gari da AC a kunne, injin fetur 2.7 na Hilux ko Tacoma yakan sha lita 12 zuwa 14 a kilomita 100. Mai V6 4.0, irin na wasu Tacoma da Nissan Frontier, ya kai 15 ko ya wuce ba abin mamaki ba ne. Corolla 1.8 mai lafiya tana tsakanin 8 da 10.

A ce zirga-zirgarka duka, aiki da makaranta da kasuwa da gaishe-gaishen ƙarshen mako, ta kai kilomita 1,000 a wata. A-kori-kura a kan lita 13 za ta sha 130, Corolla a kan 9 za ta sha 90. Bambancin lita 40 ne a wata, 480 a shekara. A ɗauki lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, sai ka sa farashin yau a madadinsa: naira 40,000 kenan kowane wata. Yanzu tambayi mai kurkura nawa zai ɗaukar maka buhu goma daga kasuwa zuwa gida, ka raba 40,000 da wannan kuɗin. Abin da ya fito shi ne yawan lodin da za ka yi haya kafin ka kamo abin da motar ke ƙara maka a mai kaɗai.

Mai zuwa aiki Kumo ko Dadin Kowa lissafinsa dabam ne. Kusan kilomita 40 zuwa, 40 dawowa, kwana 22, ya kama kilomita 1,760. A buɗaɗɗen titi mai fetur 2.7 takan sauko wajen lita 11, mai gas (wato dizal) 2.4 ko 2.5 wajen 8 da rabi, Corolla wajen 7. Wato lita 194, da 150, da 123. Daga nan za ka ga cewa mai gas tana cin riba a kan ƴar'uwarta mai fetur muddin litar gas ba ta fi ta fetur tsada da kusan kashi 30 cikin ɗari ba. In tazarar farashin ta wuce haka, ribar ta tafi.

Waɗannan alƙaluma na motar da ke da lafiya ne. Wadda za ka saya sai ka auna ta da kanka, kuma maganar dillali cewa "ba ta shan mai" ba awo ba ce. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada a yi ta ƙarawa ana jijjiga mota. Mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka ta yau da kullum ta aƙalla kilomita 200, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. Ninka litocin da suka shiga sau 100, ka raba da kilomitar da ka yi. In motar daga Amurka take, ma'auninta mil yake ƙirgawa, sai ka ninka shi sau 1.6 tukuna. Tankin Hilux na cin lita 76 zuwa 80 gwargwadon ƙira, shi ya sa allura ke daɗewa ba ta sauka ba, mutum ya ɗauka motar na tsimi alhali girman tanki ne.

Ba mai kaɗai ba ne. Injin fetur 2.7 na cin baƙin mai kusan lita 6, na gas wajen 7 zuwa 7 da rabi, Corolla kuwa 4 da ɗan abu. Taya 265/65R17 guda ɗaya ta fi 195/65R15 tsada sosai. Akwai kuma man bak-aksil, da na akwatin fowil da aksil na gaba in mai fowil ce, wato wadda tayoyinta huɗu ke iya ja. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ya san yawan zubar tun kafin ya biya.

Fetur ko gas

Injin gas ya fi ƙarfin ja daga ƙasa, ya fi tsimi, shi ya sa ake ɗokinsa. Sai dai shi mai son doguwar tafiya ne. Wanda tsakanin gidansa da ofis kilomita biyar ne, kafin injin ya yi zafin da ya kamata an kashe shi. Haka kullum, safe da yamma, sai baƙin toka ya yi ta taruwa a bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, da bututun shigar iska, mota ta fara nauyin tashi tana hayaƙi. Waɗanda aka shigo da su daga Turai sun fi shan wahala, domin a salansarsu akwai matatar toka da ake kira DPF, wadda ba ta ƙone abin da ta tara sai an yi tafiya mai ɗorewa da zafi. In ta toshe, fitila za ta kama a dashbod, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi. Mai irin wannan mota ya riƙa fita da ita hanyar Bauchi sau ɗaya a mako, minti 20 zuwa 30 a kan gudun 70 zuwa 80 ba tsayawa.

Abu na biyu shi ne tsabtar gas. Injinan Toyota 2KD, 1KD, 2GD da 1GD, da takwarorinsu na L200 da Navara, suna tura gas da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin nozul da suka yi sirantar gashi. Gas da aka gauraya da kananzir ba ya da santsin da famfo ke buƙata, wanda ruwa ya shiga kuwa tsatsa yake kawowa. Nozul huɗu da famfo in suka tafi tare, kuɗinsu ya isa ya cinye tsimin shekaru. Saboda haka gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su za ka riƙe, ka bar na jarka a bakin titi. A ƙasan filtar gas akwai wurin da ruwa ke taruwa. In fitilarsa ta kama, kwance maƙunshin ƙasa, ka danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar har gas zalla ya fara fita, sannan ka ɗaure. 2KD da 1KD bel ne ke riƙe da taiminsu, ana sauya shi a kilomita 150,000, kuma in ya tsinke a kan tafiya bawul da fistin ke haɗuwa. 2TR, wato injin fetur 2.7, da injinan GD sarƙa gare su. Bayan doguwar tafiya, bar injin mai turbo ya yi minti ɗaya yana aiki a tsaye kafin ka kashe.

Ga mai zirga-zirgar cikin gari, ra'ayinmu fetur 2.7 ya fi kwanciyar hankali duk da shansa. Injin nan shi ne a cikin Hiace da yawa da ke jigila a tashoshinmu, don haka makanikai sun san shi ciki da waje, kayansa kuma ba sai an aika Legas ba. Yana kuma karɓar juyawa zuwa iskar gas ta CNG, bodin baya na da wurin ajiye tukunya, amma wannan sai in akwai inda za ka riƙa cikawa a kan hanyarka.

Ɗauko tef ka auna gida

Hilux mai ƙofa huɗu ta kai mita 5.3 a tsawo, faɗinta ya haura 1.8 ban da madubai. Corolla wajen mita 4.6 ce. Wannan santimita 70 shi ne bambancin rufe get da barin gindin mota a waje. Auna daga get zuwa bango, ka bar aƙalla rabin mita na wucewa, ka lura ko ƙyauren ciki yake buɗewa. Auna faɗin layinku ma, don tana buƙatar fili fiye da mita 12 kafin ta juyo a zagaye ɗaya, Corolla kuwa wajen 11. A lungunan Jekadafari, Bolari ko Herwagana, inda kwata ke gefe ɗaya, babura a ɗaya gefen, shiga gida kan zama gaba da ribas sau uku. Wajen babbar kasuwa kuwa, wurin fakin da ƙaramar mota za ta saƙale kai sai dai ka wuce shi.

Tsayin kujera na ba ka ganin nesa, amma yana ɓoye abin da ke kusa. Yaro ɗan shekara uku da ke tsaye daf da ƙofar baya ko gaban bonet ba ya fitowa a kowane madubi. A gidan da ke da yara, zagaya motar da ƙafa kafin ka tayar, kullum, kuma ka sa kyamarar ribas in ba ta zo da ita ba. Haka ɗan acaɓa da ya maƙale a gefen dama daidai tayar baya.

Tafiya ba kaya

Nan ne masu sabon saye suka fi kokawa: mota na tsalle, baya na ciwo, na kujerar baya na ƙorafi. Sifirin na baya fallayen ƙarfe ne da aka jera don su ɗauki kusan tan guda. In ba kaya, ba abin da zai lanƙwasa su, sai duk wani rami da tudun rage gudu ya taso kai tsaye zuwa kujera. Rabin wannan matsala kuwa daga wurin mai faci take. Da ya ga a-kori-kura sai ya ɗura wa tayoyinta iska 45 ko 50, wai motar kaya ce. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Lamba biyu za ka gani ga tayoyin baya, ta tafiya ba kaya da ta lodi. Ta ba kaya a yawancinsu wajen 29 zuwa 33 take. Sayi gejinka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, ka ƙara iska ranar lodi kaɗai, ka rage bayan an sauke. Iska mai yawa na cinye tsakiyar taya, tana kuma rage kamun birki.

Irin tayar ma na da tasiri. Mai manyan haƙora ta taɓo, wadda ake rubuta wa M/T, kyau gare ta a ido, amma a kwalta ƙugi take yi, tana ƙara shan mai, kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi sosai. Mai zuwa ofis H/T ta ishe shi, mai haɗawa da gona ya sa A/T. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Zafin watan Maris da Afrilu a Gombe, da ke kai wa digiri 40, ba ya raga wa tsohuwar taya ko da haƙoranta na nan.

Sai batun santsi. Tayoyin baya ke turawa, kuma su ne ba nauyi a kansu. Ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da mai suka kwaɓe a kan kwalta, in ka taka totur da ƙarfi a tsakiyar shataletale gindin motar zai iya zamewa gefe. Haka a burji mai ƙunya-ƙunya, baya kan riƙa rawa yana barin layi. Maganinsa buhu biyu na yashi, kilo 50 kowanne, a ajiye daidai kan aksil tsakanin tudun tayoyin nan biyu, a ɗaure su da igiya mai ƙarfi. Kada a sa su can bakin ƙofar baya, don suna ɗage nauyi daga tayoyin gaba, kada kuma a sa bulo ko ƙarfe da zai zama makami in an taka birki. Tafiyar za ta yi laushi nan take. Ka tuna kuma motar doguwa ce, nauyinta na sama. In akuya ko saniya ta faɗo maka a hanyar Kumo, birki a miƙe ya fi fizgar sitiyari, domin fizgar da Corolla za ta jure ita tana iya kifar da ita. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ƙara mata.

Fowil da ruwan damina

Yawancin masu fowil, wanda direbobi ke ce wa ogzilari, suna da H2 (tayoyin baya kaɗai ke ja), H4 (duka huɗu) da L4 (duka huɗu da ƙaramar giya mai ƙarfi). A kwalta busasshiya H2 kaɗai. A H4 tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke su juya daidai, alhali in ana shan kwana tayoyin gaba sun fi yin nisa. A yashi ko taɓo taya na ɗan zamewa ta sauke wannan bambanci, a kwalta kuwa ba inda za ta zame, sai ƙarfin ya koma kan farfela da akwatin fowil. Alamarsa sitiyari ya yi tauri, taya na ƙara a kwana, giyar fowil ta ƙi fita. In haka ta faru, yi ribas a miƙe na ƴan mitoci, za ta saki. Wasu L200 masu tsarin Super Select ne aka yi su don su jure fowil a kwalta. Barin fowil ba amfani shi ma illa ne: littafin Toyota na cewa a yi wajen kilomita 16 a wata da shi don mai ya zagaya, sai ka nemi burji ranar Asabar. L4 kuwa sai mota ta tsaya cak, giya a firi, sannan a sa. In littafinka na mako huɗu bai nuna yashi ko taɓo ba, sayi marar fowil. Ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, kuma tsayin cikinta daga ƙasa, da ya haura santimita 20 a kan wajen 14 na Corolla, shi ne yawancin abin da hanyoyin unguwa ke nema.

Tsayin nan kada ya ruɗe ka a watan Agusta. Gombe a cikin kwari take, ƙasarta yashi, ruwa na saukowa da gudu yana cin gefen hanya ta ƙasa. Ruwan da ke kwance ka san zurfinsa, in bai wuce tsakiyar taya ba, shiga da giya ta ɗaya a hankali ba tare da ɗaga ƙafa ba, ka ɗan tattaka birki bayan ka fita don ya bushe. Ruwa mai gudu kuwa a jira shi ya wuce. Bayan da ba kaya shi ke fara tashi. In inji ya mutu a cikin ruwa kada ka sake tayarwa, musamman na gas, don ruwa kaɗan a silinda ya isa ya lanƙwasa kwanrod.

Iyali, da ƴan'uwa

Mai ƙofa biyu ba motar iyali ba ce, kuma bodin baya ba wurin zaman yara ba ne ko da makarantar na bayan layi. Mai ƙofa huɗu na ɗaukar biyar, amma jinginar kujerar baya a miƙe take, da yawa kuma ba su da hancin AC a baya. Kai uwargida da duk dattijon da za ka riƙa ɗauka su gwada hawa da sauka kafin ka biya. Hawa da zani ko da ciwon gwiwa ba wasa ba ne in babu matakala a gefe. Ba ta da but, don haka jakar kwamfuta da cefane ko dai su zauna a kujera kowa na gani ta gilashi, ko a baya inda rana da ruwa da hannun mutane ke kai wa. Murfi mai makulli ko akwatin ƙarfe da aka ɗaure da noti yana cikin kuɗin saye, ka sa shi a lissafi.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin kowace mota. Ranar da ta kwana a gidanka za ka fara jin "Yaya, ko za a taimaka mana da motar nan gobe, kayan ɗakin amarya za mu kai Bajoga?" Taimako abu ne mai kyau, amma motar da ka dogara da ita ranar Litinin sai ka sa mata ƙa'ida tun farko: wa zai tuƙa, wa zai zuba mai, buhu nawa. Abin da aka yarda ta ɗauka, a ce kilo 900, ya haɗa da mutanen ciki. Manya biyar sun cinye 350, saura 550, wato siminti ko taki buhu 11, ko masara mai kilo 100 buhu biyar. Masu loda mata siminti 30 suna ɗora tan ɗaya da rabi. Za ta tafi, amma sifirin zai miƙe ya daina dawowa, boris na baya zai fara kuka, birki ya yi zafi a gangara, cesis kuma kan lanƙwashe daidai tsakanin kai da bodi. Kaya mai nauyi a matsa shi gaba, jikin bangon kai.

Ranar duba mota

Je da makanikenka, ba na dillali ba, kuma da safe kafin a ɗumama inji. Shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Tacoma ta shekarun 1995 zuwa 2010 ta yi suna da tsatsar cesis a jihohin Amurka da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, har kamfanin ya sauya wa da yawa. Ƙwanƙwasa kusa da inda sifirin ke kamawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa ɓurmawa yake, kuma sabon baƙin fenti mai kauri a wurin abin zargi ne. Frontier otomatik ta 2005 zuwa 2010 an san ta da lagireto da ke fashewa ta ciki ya haɗa ruwa da man giya, don haka a duba man, in ya yi kalar madara a bar ta. Wadda ta yi aikin kamfani ko hukuma a nan gida, tsaya daga nesa ka dubi ratar da ke tsakanin kai da bodi. In sama ta fi ƙasa buɗewa ko matsewa, an taɓa yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Ƙirga fallayen sifirin na dama da na hagu, ka nemi karyayye ko wanda aka yi wa walda.

Gwajin tuƙi a yi shi a kan ainihin hanyar aikinka, a lokacin da kake fita, har ka shigar da ita gidanka ka rufe get. Saurari ƙugi daga baya tsakanin gudun 60 da 80, wanda ke sauyawa in ka ɗaga ƙafa: bak-aksil ne. Ƙwas lokacin tashi ko sauya giya, kuros na farfela ne. In manuwal ce, ka yi minti goma a cunkoso ka ji nauyin kulocin a gwiwarka, don shi za ka riƙa takawa kullum.

A takardu, lambar cesis ta jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta mallaka. Lamba mai shuɗin rubutu ta mota mai zaman kanta ce, mai ja ta haya. Tun Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 ga motar gida, 20,000 ga mai ɗaukar kayan mai ita, don haka ka tabbatar an rubuta maka ajin da ya dace. Ka kuma sa a ranka cewa masu karɓar harajin kaya a hanyoyin ƙananan hukumomi sun fi tsayar da mai buɗaɗɗen baya, ko da buhu biyu ne a ciki.

Bayan saye, a sauya baƙin mai da filta kowane kilomita 5,000 saboda ƙurarmu. Da hunturu a fitar da filtar iska duk mako biyu a kakkaɓe, in da iska za a hura to daga ciki zuwa waje, a sauya ta in ta yi duhu. Farfelar Hilux na da kawunan giris da masu sabis ke yawan tsallakewa, sai ka tsaya a kai a matsa musu, musamman bayan an shiga ruwa. Ramukan zubar ruwa na bodin baya a riƙa buɗe su, a wanke taki da ya zube a ranar, don yana cin ƙarfe. Safaya a ƙarƙashin bodi take rataye da sarƙa, inda ɓarawo ke iya sauke ta cikin minti biyu a wurin fakin, don haka a sa mata kwaɗo. Ka kuma gwada sauke ta da kanka a gida ranar da ba ka sauri, ka tabbatar sandar juyawa da jak suna bayan kujera, ka auna iskarta, ka shafa wa sarƙar giris kafin ka mayar.